Sirdi ya ƙi zama a bayan goɗiyata, in rabu da ita?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ina da wata goɗiya akawal, shekararta huɗu da 'yan watanni. Mai faɗin baya ce, ga cika. Tozonta kusan babu, in ka shafa daga ƙarshen geza zuwa gadon baya sai ka ji wurin a shafe. Sirdin da nake ɗaura mata na tsohon dokina ne, shi kuwa dogo ne mai tsinin tozo, kuma duk zamanmu da shi sirdin bai taɓa ba ni wahala ba. Ita kuwa da na sa ƙafa a likkafa sai sirdi ya juyo, in muna gangara ya zame har wuyanta, in muna sassarfa in ji yana karkata gefe. Na ƙara matse majayi, na ƙara bargo a kan shimfiɗa, duk a banza. Yanzu da ta hango ni da sirdi sai ta kwantar da kunnuwa, ran nan ma har ta kai mini cizo ina ɗaure majayi. Na kuma ga farin gashi ya fara fitowa a bayan kafaɗunta, hagu da dama, ga fata ta saɓule a hammata. Abokaina sun ce ƙirarta ba ta hawa ba ce, kuma mugun hali gare ta, in rabu da ita kawai. Ni kuwa ina son ta. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka rabu da ita a kan wannan. Duk abin da ka lissafa, tun daga juyawar sirdi har zuwa cizon, wuri ɗaya yake nunawa: sirdin ya yi wa bayanta ƙunci, kuma ciwo take ji. Ta fara da kwantar da kunne, da ba a saurare ta ba ta kai ga haƙori. Mai mugun hali ba ya yin gargaɗi haka.

Daga yau ka ajiye wannan sirdin, kada ya sake hawa bayanta, kuma kai ma kada ka hau ta sai fatar hammata ta warke sumul, gashi ya fara tsirowa. Ka riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka kare shi daga ƙuda. In ka ga kumburi, ko zafi, ko ruwa na fita, ka kira likitan dabbobi. Na san hutun zai yi maka tsawo, amma akwai aiki mai yawa da za ka yi a cikinsa, kuma duk a ƙasa ake yin sa.

Tozon doki ƙashi ne. A sashen ƙirji doki yana da gaɓoɓin ƙashin baya 18, kowace da haƙarƙarinta hagu da dama, kuma kowace gaɓa tana da wani tsini da ya miƙe sama. Daga wajen gaɓa ta 3 zuwa ta 11 tsinin nan dogaye ne, su suka jeru suka ta da tudun da kake shafawa. Shi ya sa a nan ake auna tsayin doki, domin kai yana sama yana ƙasa, tozo kuwa yana nan inda yake. Tsohon dokinka yana da dogayen tsini da siririn jiki a gefensu, don haka sirdi ya sami abin da zai rungume. Goɗiyarka ba ta da wannan turken, saboda haka duk zaman sirdinta ya dogara ne ga yadda cikin sirdin ya kwanta a kan haƙarƙarinta. A bayan doki mai tozo, sirdin da bai dace sosai ba yakan ɓoye aibinsa shekaru, yana cutarwa a shiru. A bayan irin taka, ranar farko yake tona kansa.

Sai dai ka bincika me ya shafe tozon, domin ba sababi ɗaya ba ne. Wani dokin haka aka halicce shi. Ana yawan ganin wannan ƙirar a dawakin Quarter Horse na Amurka, da Haflinger, da Fjord na ƙasar Norwe, da ƙurun Shetland, da wasu daga cikin dawakin Larabawa, kuma waɗannan dawakai ne da suka yi suna wajen aiki da juriya. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa ƙirarta ba ta hawa ba ce. Wani kuma tozon yana nan, kitse ne ya binne shi. Ka ce mini tana da cika, to wannan kalmar ta tsaya mini a rai. A 1983 wani masani mai suna Don Henneke na jami'ar Texas A&M ya fitar da ma'aunin ƙibar doki daga 1 zuwa 9, kuma har yau da shi likitoci suke aiki. Ana duba wurare shida: wuya, tozo, bayan kafaɗa, haƙarƙari, tsatso da gindin wutsiya. Dokin da yake a 5, wato daidai, ba ka ganin haƙarƙarinsa da ido amma da ka ɗora hannu za ka ji su ba sai ka danna ba. In sai ka danna da ƙarfi kafin ka ji nata, ga wani kwari ya bi tsakiyar bayanta, ga wuya ya yi kauri, to ta kai 7 ko sama, kuma wani ɓangare na faɗin nan zai tafi in ta rage ƙiba. Rage mata hatsi a hankali, ka ƙara mata tafiya, amma kada ka horar da ita da yunwa, domin cikin doki yana bukatar ciyawa kusan kullum, kuma yanke abinci farat ɗaya yana jawo wata cutar da ta fi wannan. Ƙibar da ta wuce kima kanta haɗari ce, tana cikin manyan abubuwan da ke kawo kumburin cikin kofato.

Ga kuma shekarunta. Ƙasusuwan doki daga ƙasa suke fara ƙosawa su yi sama, kuma ƙashin baya ne na ƙarshe, sai wajen shekara biyar da rabi zuwa shida, wani ma ya wuce haka. Ƙaramin doki yakan yi wani lokaci kuturinsa ya fi tozonsa tsayi, daga baya gaba ya cim ma baya. Ka tsai da ita a wuri mai baje, ka ja da baya ka dube ta ta gefe. In kuturi ya fi tudu, to bayanta gangara ne, kuma duk abin da aka ɗora a kai gaba zai nufa. Mai yiwuwa bayan shekara ɗaya ko biyu ka ga tozon ya ɗan fito. Ma'anar wannan gare ka ita ce bayan da za ka auna yau ba shi ne bayanta na dindindin ba, don haka ka nemi sirdin da za a iya gyarawa.

Yanzu ga abin da ke faruwa a ƙarƙashinka. A cikin sirdi akwai ice, ko wani abu mai tauri a madadinsa, wanda shi ne ƙashin sirdin. Ta gaba yana da baka mai ƙafafu biyu da suke sauka hagu da dama a bayan kafaɗa. Sirdin dokinka na da an yi bakansa a tsuke, mai tsini a sama. Da ka ɗora shi a kan baya mai faɗi, ba ya iya sauka ya zauna, sai ya tsaya a kan bakin ƙafafun nan biyu kawai, kamar hular da ta yi wa kai kaɗan: tana can bisa, ɗan motsi kaɗan ya ture ta. Nauyinka da ya kamata ya bazu a kan dukan tsawon sirdin sai ya taru a ɗigo biyu, kuma ka je ka duba, daidai nan farin gashin ya fito. Matsi ne ya hana jini zagayawa a wurin har ƙwayoyin da ke ba gashi launi suka lalace. Farin gashi ba ya fitowa ranar da aka yi ɓarnar, sai bayan makonni, sau da yawa sai lokacin canjin gashi, don haka ta daɗe tana ɗauke da abin. Yawanci ba ya komawa baƙi, amma ba ciwo ba ne shi kansa, tabo ne. Abin da za ka sa wa ido shi ne kada ya ƙaru.

Akwai kuma kafaɗa. Doki ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji irin na ɗan Adam, tsoka ce kawai take riƙe da allon kafaɗarsa, kuma duk lokacin da ya miƙa ƙafar gaba, saman allon yana juyawa baya. Sirdin da ya zame gaba yana zaune ne a kan wannan allon, kowane taku ƙashi yana dukan ice. Dokin da ke cikin wannan hali yakan gajarce taku, ya riƙa tuntuɓe, ya ƙi gangara, wani ya yi tutsu in an nemi sukuwa.

To ka ga abin da bargon da ka ƙara ya yi. Wurin da ya riga ya yi ƙunci ka ƙara cika shi, sirdi ya ƙara tashi sama, kai ma ka ƙara nisa da bayanta, juyawa ta ƙaru. Matse majayi kuma ya ƙara nutsa ƙafafun icen a cikin tsokarta, ya saɓule hammata. Kusan kowa abin da yake fara yi ke nan, domin shi ne abin da hankali yake fara kawowa, amma hanyar ba ta ɓullewa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1999 kan dawakin tsere ya nuna cewa in majayi ya matsu fiye da kima, doki yana saurin gajiya. Majayi aikinsa ya riƙe sirdin da ya riga ya zauna, ba ya zaunar da wanda bai zauna ba.

Kada kuma ka ji na ce ƙunci ka ruga ka sayo mafi faɗin da ka samu. Sirdin da ya yi yawa yana faɗawa ta gaba, kwacciyar gaba ta sauka a kan ƙashi, ta baya ta riƙa ɗagawa tana dukan tsatso, kuma shi ma yana juyawa. Abin nema shi ne kamannin ciki. Baya irin nata yana son ice mai baka zagayayye, mai buɗaɗɗen sama kamar rabin da'ira, wanda ƙafafunsa suke kwanciya daidai da karkatar jikinta tun daga sama har ƙasa. Sirdi biyu suna iya ɗaukar lamba ɗaya ta faɗi, ɗaya ya zauna ɗaya ya ƙi, domin masu ƙera sirdi ba su da ma'auni ɗaya da suka yarda da shi duka. Abin da wani kamfani ya kira mai faɗi, wani matsakaici yake ce masa. Saboda haka kada ka yarda da rubutun jikin sirdi, ka yarda da abin da ka gani a bayanta. Katifu biyun da ke ƙarƙashin sirdin su ma su zama masu faɗi, shimfiɗaɗɗu, ba masu kauri da tudu ba, don sirdin ya yi kusa da jiki. In cikinsu ulu ne ya fi, saboda mai gyara yana iya ƙarawa ko ragewa yadda bayanta ya canza, abin da ba ya yiwuwa da na soso. Akwai kuma sirdin da ake kwance ƙarfen bakansa a sa wani mai faɗi daban. Yana da amfani ga dabbar da ke girma, amma ka sani faɗin gaba kawai yake canzawa, sauran icen yana nan yadda aka ƙera shi.

Kafin ka je neman sirdi, ka ɗauko siffar bayanta a kwali. Wannan ne aikin da na fi so ka yi da natsuwa. Ka samo waya mai lanƙwasuwa wadda take riƙe siffa, tsawon kamar santimita 60, da alli, da babban kwali. Ka tsai da ita a wuri mai baje, ƙafafu huɗu a daidaice, kai yana kallon gaba, wani ya riƙe maka ragama. Ka laluba da yatsu har ka sami bakin allon kafaɗa ta baya. A jikin mai ƙiba yana da wuyar samu, don haka ka sa mai taimakonka ya ɗaga ƙafar gaba ya ja ta gaba a hankali, za ka ji ƙashin yana motsi a ƙarƙashin hannunka. Ka ja layi da alli a nan. Daga layin ka koma baya kamar yatsa biyu zuwa uku, wato wajen santimita 5, nan ne ƙafar icen sirdi za ta sauka. Ka ɗora tsakiyar wayar a kan ƙashin baya a daidai wurin, ka lallaɓa ta ta kwanta a jiki hagu da dama, ka ɗauke ta a hankali kada ta buɗe, ka zana cikinta a kwali, ka rubuta wane gefe ne hagu. Ka sake yin haka a wurin da baya ya fi lotsawa, sannan a kan haƙarƙarin ƙarshe. Na huɗu kuma ka shimfiɗa wayar a tsaye, ta bi ƙashin baya daga tozo zuwa baya, domin ka ga ko bayan miƙaƙƙe ne ko mai lanƙwasa. Ka yanke kwalayen, ka rubuta kwanan wata a jiki. Da su za ka riƙa cusawa a ƙarƙashin kowane sirdi, kuma nan take za ka fid da mafi yawansu ba tare da ka wahalar da ita ba. Ka fara gwadawa da tsohon sirdinka, za ka ga da idonka yadda kwalin ya ƙi shiga.

Haƙarƙarin ƙarshen nan iyaka ne. Ka bi shi da yatsa daga ciki ka hau sama har inda ya haɗu da ƙashin baya, ka sa alli. Bayan wannan layin tsatso ne, babu haƙarƙarin da zai tallafi nauyi, don haka wurin ɗaukar nauyi na sirdi kada ya wuce shi. Dawakai masu faɗin baya sau da yawa gajerun baya gare su, kuma dogon sirdi a kan gajeren baya, motsin kuturi yana tura shi gaba da kowane taku. Wannan yana cikin dalilan zamewar da mutane ba sa lura da su.

In ka sami wanda ya yi daidai da kwali, kada ka biya sai an yarda ka gwada shi a kanta. Ka ɗora shi ba shimfiɗa, ba majayi, a kan tozo, ka zame shi baya a hankali har ya tsaya da kansa. Mutane da yawa suna ɗaura sirdi gaba da yawa, suna zaton nan ne wurinsa. Ka duba ta gefe: wuri mafi zurfi na mazauni ya kasance a tsakiya, in ka ajiye alli a kai ya gangaro ya tsaya a nan. In gaba ya ɗaga, ƙunci ne. In ya faɗa, ya yi yawa. Ka sa tafin hannu a ƙarƙashin katifa ta gaba ka saukar da shi daga sama zuwa ƙasa, matsin ya zama iri ɗaya, ba wurin da ya cije ka. Sannan ka bi ƙarƙashin katifar daga gaba har baya. In ka ji ta taɓa gaba da baya amma tsakiya a sake, sirdin ya fi bayanta miƙewa, nauyi zai taru a kusurwa huɗu. In kuwa ka danna kwacciyar gaba ta baya ta ɗaga, ka danna ta baya ta gaba ta ɗaga, to ya fi bayanta lanƙwasa, zai riƙa lilo. Ka tsaya ta baya, a inda ba za ta harbe ka ba, ka leƙa kwararon tsakiya: ka ga haske har gaba, kuma faɗinsa ya ɗauki yatsa uku zuwa huɗu tun daga farko har ƙarshe, don kada komai ya taɓa ƙashin baya. Tsakanin tozo da kwacciyar gaba ana neman yatsa biyu zuwa uku bayan mahayi ya zauna. A bayan irin nata wannan gwajin yana ruɗin mutane, domin ko sirdin da ya fi kowane ƙunci zai ba ka yatsa huɗu har biyar. Yawan sarari a sama ba shaidar dacewa ba ne.

Bayan nan sai ka ɗaure, da shimfiɗa guda marar kauri, ka ɗago tsakiyarta ta shiga kwararon sirdi don kada ta danne ƙashi. Ka hau kamar minti ashirin zuwa talatin, tafiya da sassarfa da sukuwa, ka juya hagu ka juya dama, ka hau tudu ka gangara. Ka sa wani ya ɗauke ku bidiyo ta baya da waya. Da ka sauke sirdi ka duba gumi da kwanciyar gashi. Ƙaramin busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙe alama ce ta matsi, gashin da ya hargitse kuma alama ce ta goga. Gumi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, amma in ya haɗu da abin da hannunka ya ji, ka yarda da shi. In akwai ƙwararren mai auna sirdi ko mai ƙerawa da zai zo ya ga dabbar da idonsa, ka kira shi. Ya fi ka sayi sirdi uku kana laluben duhu.

Majayi yana da nasa zancen. Ka dubi cikinta ta gefe, akwai wuri mafi tsukewa a bayan ƙafafun gaba, kuma duk inda ka ɗaure majayi can zai gangara. A dabba mai zagayayyen ciki wurin nan yana gaba sosai, daf da hammata, sai majayi ya tafi can ya ja sirdi ya bi shi. In sirdi yana wurinsa, ka duba ko igiyoyin da majayi yake kamawa sun sauko a miƙe zuwa wannan wurin. In sun karkata gaba, to ka san za a yi ja. Mai gyara yana iya matsar da igiyar farko ta koma kan ƙafar icen, kuma akwai majayi mai lanƙwasa wanda aka yi don irin wannan cikin, yana barin sarari a hammata. Ka zaɓi mai faɗi, mai laushi, ka riƙa wanke shi, domin busasshen gumi da yashi su ne suke cin fata. In mai roba ne, robar ta kasance a gefe biyu, don mai roba a gefe ɗaya yana jan sirdi ya karkace. Ka ɗaure a hankali, rami ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan zaga da ita, ka ƙara, sannan ka ja kowace ƙafar gaba don fatar da ta naɗe ta warware.

Wani zai ce ka sa mata ɗan ƙirji. Shi aikinsa hana sirdi komawa baya ne, naka kuwa gaba yake zuwa, sai dai yana taimakawa kaɗan wajen hana shi kifewa gaba ɗaya. Abin da ke hana zamewa gaba shi ne maɗaurin da ke ratsa ƙarƙashin wutsiya ya kama bayan sirdi. In kuna yawan gangara yana da amfani ƙwarai, amma ka saba mata da shi a ƙasa tukuna, a sake, domin ranar farko tana iya matse wutsiya ta yi tutsu. Shimfiɗar nan mai kama jiki da ake sayarwa don hana zamewa ma haka take: a ƙarƙashin sirdin da ya dace tana ƙara natsuwa, a ƙarƙashin wanda bai dace ba kuwa tana manne ciwon ne a wuri ɗaya. Sirdi marar ice kuma, wanda ake yawan tallata wa masu irin matsalarka, ban hana ba amma ban sa shi a gaba ba. Ba ya cizon kafaɗa, gaskiya ne, sai dai ba ya baza nauyi yadda ice yake yi, matsi yakan taru a inda likkafa ta rataya, kuma a zagayayyen baya shi ma yana juyawa, musamman wajen hawa.

Wajen hawan kuwa, ka daina hawa daga ƙasa. Ko sirdin da aka ƙera don ita zai juyo in ka rataya dukan nauyinka a likkafa ɗaya, tun da babu tozon da zai tare. Ka taka wani abu mai tudu, ka kama geza maimakon kwacciya, ko wani ya danne maka likkafar dama. Ka kuma auna igiyoyin likkafarka biyu, ta hagu takan miƙe saboda hawa, sai mahayi ya zauna a karkace bai sani ba. Ka riƙa musanya su.

Abu ɗaya ba ka faɗa mini ba, kuma yana da muhimmanci: in kuna tafiya, gefe ɗaya sirdin yake karkata kullum, ko yau hagu gobe dama? In ba shi da gefe, faɗin baya ne da rashin dacewa. In kuwa kullum gefe ɗaya ne, har da wani mahayin, har da wani sirdin, to ka sa a duba ƙafafunta na baya. A 2013 likitocin dawakai biyu a Ingila, Line Greve da Sue Dyson, sun wallafa bincike a kan dawakai 128. Cikin 71 masu ɗingishin ƙafar baya, 38 sirdinsu yana karkata gefe ɗaya, kuma da aka kashe zafin ƙafar da allura, karkatar ta daina a 37 daga cikinsu. Irin wannan ɗingishin yakan yi ƙanƙanta har mai doki bai gan shi ba, sirdin ne yake fara faɗa. Bidiyon da na ce a ɗauka ta baya zai nuna maka wannan, kuma shi za ka nuna wa likita.

A makonnin hutun nan ka riƙa jan ta da hannu kuna hawa tudu a hankali, ka jera sanduna a ƙasa ta riƙa tsallakawa a tafiya, ka kuma riƙa sosa tsakiyar ƙirjinta ta ƙasa da yatsu har ka ga ta ɗaga baya. Tsokar da ke rataye ƙirji tsakanin kafaɗu in ta yi ƙarfi tana ɗaga gaban doki, tozo ya ɗan ƙara bayyana. Ba za ta mayar da ita mai tsinin tozo ba, amma bambancin yana isa ya canza zaman sirdi. Saboda haka duk bayan wata uku ka sake ɗaukar siffar bayan da waya, ka ɗora sabon kwali a kan tsoho ka ga inda ta canza, ka kai sirdin a gyara masa ulu in bukata ta taso.

Ko bayan ka sami sirdin da ya dace, kada ka yi mamaki in ta ci gaba da kwantar da kunne na ɗan lokaci, domin ta riga ta haɗa ganin sirdi da zafi. Kada ka doke ta a kan haka. Ka ɗora ka sauke ba tare da ka hau ba, ka ɗaure majayi a sake ka kwance, ka shafa ta, har ta gane abin ya wuce. In an yi wata guda fata ta warke, sirdi ya zauna, amma har yanzu tana kai cizo wajen ɗaure majayi, to ka gaya wa likita ya duba ta don gyambon ciki da ciwon ƙashin baya, domin su ma suna kawo wannan halin. Allah ya ba ta lafiya, ya sa ka dace.